Kafin A Kama Hanyar Arewa: Zagayen Sallama A New Bell

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka a Duwala ya san cewa tafiyar Arewa ba a tashar mota take farawa ba. Tun ana saura kwana biyu ko uku za ka ga mutum bisa acaɓa, wanda a can ake kira bensikin, yana shiga lungu-lungu na New Bell, daga gidan ɗan'uwa zuwa rumfar abokin ciniki a Babbar Kasuwa, yana sallama.

Ita New Bell asalinta tashin mutane ne. Gab da yaƙin duniya na farko Jamusawa suka shiga ƙwace filayen 'yan ƙabilar Duwala na bakin ruwa, suka ware musu wannan wuri can baya. Sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi amincewa, suka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya baƙi ne suka cika unguwar, Hausawa da Bamileke da Basa da sauransu, har wani yanki nata ya ɗauki sunan Hausawa. To wurin da kusan kowa ke da nasa a nesa, mai tafiya gida ba ya fita a ɓoye.

Gidan farko shi ne na maimasauki. A nan ake lissafi: nawa ake bin ka, nawa kake bi, wane kaya ka bari a sito. Wasu matasa na ganin wannan ɓata lokaci ne tunda akwai waya. Amma fa bashin da aka ambata gaban shaidu biyu daban yake da wanda ke cikin wayar da za ta iya faɗawa kwata. In ta Allah ta kasance a hanya, magada sun san inda za su dosa.

Daga nan sai dattawa a ƙofar masallaci, inda ake samun addu'a, ake kuma jin labarin hanya daga bakin wanda ya sauko jiya. Wannan labari yanzu ya fi guzuri daraja. A da mutum kan bi ta Yawunde, ya kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya tsaya tun 1974, ya wuce Garwa da Marwa da Mora, ya tsallaka Amchide zuwa Banki hankali kwance. A 2014 Boko Haram ta mamaye Banki, kasuwar ta watse, da yawa suka koma tsallakawa daga ɓangaren Garwa zuwa Yola ko Mubi. Hanyar yamma kuwa, ta Mamfe da Ekok, ta ratsa yankin masu Turancin Ingilishi, inda 'yan aware suka ƙaƙaba zaman gida ranar Litinin tun 2017. Wanda bai tambaya ba sai ya sha zama.

Sai kuma saƙo. Wannan ta kawo turmin atamfa a kai wa gyatuma, wancan ya kawo kuɗin makarantar yara. Ƙin karɓa abin kunya ne, ana kuwa daɗewa ba a manta ba. Sai dai tsofaffin matafiya ba sa karɓar ƙunshi a ɗaure. A kwance shi gaban mai shi, domin a shingen jandarma ko na duwan ba a tambayar wa ya aiko, wanda aka samu da kaya shi ne mai kaya. Haka kuɗi: a faɗi ko sefa za a miƙa ko naira, kuma a kan wane canji. Mai kai saƙo Maraɗi ko Damagaram ya tuna sefar Kamaru ba ita ake kashewa a Nijar ba, ko da yake darajarsu ɗaya a takarda. Ɗan canji zai cire nasa.

Gidan surukai akan bari sai daren ƙarshe, don a can ba a tashi sai an ci tuwo.