Laka Da Jijiyoyinta: A Kula Da Allurar Ɗuwawu

Duk wanda ya taɓa zama a Suleja, watau tsohuwar Abuja, ya san garin magina tukwane ne, a nan Ladi Kwali ta yi suna. To, ku lura da magini idan ya taɓa tukunya mai zafi, sai ya fizge hannu tun bai ce wayyo ba. Wannan umurni daga laka ya fito, wadda ke cikin ƙashin baya. Ita ta fara mai da amsa, sa'an nan labari ya kai ƙwaƙwalwa.

Jijiyoyi 31 ke fitowa daga laka ta kowane gefe. A wuya da ƙugu sukan sarƙe kamar saƙar tabarma, kana su rarrabu. Sarƙar da ke tsakanin wuya da hammata ita ke motsa hannu. Shi ya sa ɗan acaɓa kan faɗi a kan kafaɗa, ƙashi lafiya lau, amma hannu ya mutu.

Daga ƙasan ƙugu kuwa jijiya mafi girma a jiki ta fito, kaurinta kamar babban yatsa, ta ratsa ɗuwawu ta gangara har ƙafa. A nan haɗarin yake, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun. Ma'aikacin asibiti ya san a kan tsira allura can sama, ta gefen waje. Wanda bai koya ba yana iya soke jijiyar, a wayi gari yaro yana jan ƙafa, a ɗora wa iska laifi. Idan ƙafa ta yi sanyi bayan allura, a garzaya asibiti ran nan.