Abubuwan Da Ke Yanke Kuɗin Ɗaukar Mai Tsara Lambun Ƙawa A Mubi

MUBI: A duk lokacin da watan Maris ya kama, zafi ya tsananta, wanda ya zagaya otal-otal, makarantu masu zaman kansu da manyan gidaje na wannan gari zai tarar da haraba iri biyu. Wata tana nan kore shar da inuwarta, wata kuwa ciyawarta ta ƙone, furanninta sun bushe, sai tukwane da dakali kawai suka rage. Sau da yawa wadda ta bushen ita ce aka fi kashe wa kuɗi a ranar da aka dasa ta. Wannan shi ya sa ya wajaba ɗan kasuwa ya san abin da yake saye kafin ya ɗauki mai tsara masa lambu.

Lambun da ake magana a kansa a nan ya bambanta da na fadama inda ake noman tumatir da albasa. Ana nufin tsara harabar gini da itatuwa, ciyawa, furanni, hanyoyin tafiya da magudanun ruwa. Buƙatar wannan aiki ta samu gindin zama a Mubi ne saboda matsayin garin na cibiyar ciniki kusa da iyakar Kamaru, ga babbar kasuwar shanu, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya, ga kuma Jami'ar Jihar Adamawa wadda aka kafa a 2002. Hakazalika, gine-gine da gyare-gyaren da suka biyo bayan mamayar da Boko Haram ta yi wa garin a ƙarshen watan Oktoba na 2014, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba, sun samar da sababbin harabobi masu neman shuka.

Abu na farko da ke yanke farashi shi ne irin mutumin da aka ɗauka. Akwai gadina ko mai sayar da dashe, wanda ya koyi sana'ar a hannu, yake zuwa ya duba fili ya shuka abin da ke cikin gandunsa. Akwai wanda ya karanta ilmin shuke-shuke a makaranta irin Kwalejin Koyon Aikin Lambu ta Tarayya da ke Daɗin Kowa a Jihar Gombe. Sannan akwai mai zanen gine-gine da ya ƙware a tsara haraba, wanda zai auna fili, ya duba gangarensa, ya fitar da zane da jerin kayan aiki. Irin wannan na ƙarshe ya fi yawa a Abuja, Kaduna da Legas, don haka wanda ya kira shi Mubi zai ɗauki nauyin sufurinsa da masaukinsa, ban da ladan aikinsa.

Har wa yau, yadda ake biyan ladan yana da tasiri. Wasu jinga suke yi a kan zane kaɗai, wasu suna karɓar wani kaso na jimillar kuɗin aikin, wasu kuma a biya su kullum. Amma hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce mai tsarawa ya ce ba ya cajin komai a kan shawara, sai dai a sayi dashe daga wurinsa. A zahiri ladansa yana cikin farashin dashen. Illar wannan tsari ta fuskar tattalin arziki a fili take: wanda ribarsa ta dogara ga yawan abin da ya sayar, zai so ya cika fili da tsirrai masu tsada, kuma idan sun mutu ciniki ne ya sake samu. Haka nan mai karɓar kaso ba shi da wani dalili na rage kuɗin aiki. Biyan ladan zane daban, da sayen kaya daban, yakan fi nuna wa mai gida inda kuɗinsa ya tafi.

Sai dai duk da haka, ladan mai tsarawa shi ne ƙaramin ɓangare na lissafin. Babban abin da ke cin kuɗi a Mubi shi ne ruwa. Damina a wannan yanki takan fara ne wajen watan Mayu ta ƙare a Oktoba, saura wata shida kuma babu ruwan sama, ga hunturu mai busar da ƙasa, ga bazara mai zafi. Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Idan aka ɗauka ciyawa na buƙatar milimita 5 a rana lokacin rani, to filin ciyawa mai murabba'in mita 100, wato mita 10 tsawo mita 10 faɗi, zai sha lita 500 kullum. Wannan jarka 20 ke nan mai cin lita 25. A cikin kwana 180 na rani ya zama lita 90,000. Mai otal da ke da fili ninki biyar na wannan sai ya ninka lissafin, sannan ya tambayi kansa ko daga 'yan ga-ruwa zai saya, ko tanka zai riƙa kira, ko rijiyar burtsatse zai haƙa.

Ita ma rijiyar ba a rasa nata ƙalubalen ba. Mubi na zaune ne a gindin duwatsun Mandara, kuma ƙarƙashin ƙasarta dutse ne mai tauri, inda ruwa ke taruwa a cikin tsage-tsage da ruɓaɓɓen saman dutsen. Saboda haka rijiya biyu a unguwa ɗaya na iya bambanta ƙwarai wajen yawan ruwan da suke bayarwa. Filin da ke kusa da Kogin Yedzaram ba ɗaya yake da wanda ke kan tudu ba. Bayan haƙawa kuma akwai famfo, tankin sama, bututu da wutar da za ta ja ruwan, ko ta janareta ko ta hasken rana. Mai tsarawar da ya ba da farashi ba tare da ya tambayi inda ruwa zai fito ba, bai gama lissafinsa ba.

Wannan matsala ba ta tsaya ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba. A 2021 Jihar Nevada ta Amurka ta kafa dokar da ta tanadi kawar da ciyawar ado da ba a amfani da ita a harabar kamfanoni da gefen tituna a yankin Las Vegas, saboda ƙarancin ruwa. Abin da masu hali suka ga ba za su iya ɗauka ba, ya kamata ɗan kasuwar Mubi ya yi masa kallon tsanaki.

Daga nan sai zaɓen abin da za a shuka, wanda shi ke yanke yawan ruwan. Furannin da suka saba da sanyin Jos ko laimar kudu suna da tsada wajen saye, da tsada wajen jigila, da tsada wajen reno. Akasin haka, darbejiya, mangwaro, gwaiba, lemun tsami da zogale sun san ƙasar, kuma da zarar saiwarsu ta kama bayan shekara ɗaya ko biyu, buƙatarsu ta ban ruwa takan ragu sosai. Lalle yana yin shinge mai kyau da jure fari. Ciyawar kiri-kiri ta fi sauran jure zafi da taku. Kariya, wadda ke fitowa da kanta a daji, ita ce ake sayarwa da daraja a ƙasashen waje a matsayin furen ado, ko da yake ruwanta guba ne, don haka ba a dasa ta inda yara ke wasa. Gwanintar mai tsarawa tana bayyana ne a nan, har da sanin cewa darbejiyar da aka dasa dab da katanga ko ramin bahaya za ta jawo kuɗin gyara bayan 'yan shekaru.

Nisa ma wani haraji ne. Tsakanin Yola da Mubi akwai tafiyar kimanin kilomita 200 ta Song, Gombi da Hong, kuma siminti, bututu, fitilu da dashen da babu a gari duk ta mota suke zuwa. Idan dai ba a manta ba, janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga litar mai daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga bisani kuma ta ƙara hawa. Sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara ya tsadar da duk kayan da ake shigowa da su, irin su famfo da allunan hasken rana. Wannan ne dalilin da ya sa masu aiki ba sa son farashin da suka bayar ya daɗe bai zama ciniki ba, suke kuma neman kafin alƙalami mai kauri don su sayi kaya nan take. Kamfani mai rajistar harajin kaya na VAT zai ƙara kashi 7.5 cikin 100, adadin da ya fara aiki a watan Fabrairu na 2020, kuma ya kamata a tabbatar ko yana cikin farashin da aka faɗa.

Yanayin filin kansa yana ƙara kuɗi ko ya rage. Harabar sabon gini galibi cike take da ɓaraguzai da ragowar siminti, sai an kwashe an kawo tifar ƙasa mai kyau. Fili mai gangare yana buƙatar magudana da dakali, domin yankin Mubi ya yi fama da zaizayar ƙasa. Aikin birkila, wato shimfiɗa intalok, gina bakin kwabbai da wurin zama, shi yakan fi tsirrai cin kuɗi a ranar farko, amma ba ya shan ruwa daga baya. Inda babu katanga kuma dole a kewaye kowane dashe saboda awaki. Ta wani ɓangaren garin yana da rangwamen da manyan birane ba su da shi: dutse yana kusa, takin shanu kuma a wadace yake, muddin an bar shi ya ruɓe, domin ɗanyensa yana kawo gara da irin ciyayi.

Lokacin aiki ma abin lura ne. Gini da shimfiɗa bututu sun fi dacewa da rani, sa'ad da leburori ke da sauƙin samu. Dashe kuwa ya fi arha a farkon damina, wajen Yuni zuwa Yuli, domin sama ce za ta yi ban ruwa, ko da yake a lokacin hankalin ma'aikata da yawa yana gona. Wanda ya matsa a dasa masa a watan Fabrairu don bikin buɗe otal, zai biya kuɗin gaggawarsa da ruwa da kuma dashen da za a sake saye.

Bayan an gama, sai kuɗin reno, wanda ba ya ƙarewa. Babban lambu yana buƙatar gadina na dindindin, kuma mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka ƙara zuwa Naira 70,000 a watan Yuli na 2024 ya zama ma'aunin da ma'aikata ke duba wa, ko a wuraren da dokar ba ta shafa ba.

Bisa ga wannan, farashin da ya dace a kwatanta shi ne na shekara uku, ba na ranar dashe kaɗai ba. Kafin a biya ko kwabo, ya kyautu a samu rubutacciyar yarjejeniya da ta raba ladan zane da kuɗin kaya, ta faɗi sunan kowane dashe da adadinsa, ta ƙiyasta litar ruwan da za a buƙata a rana, ta kuma ajiye wani kaso na kuɗin har sai tsirrai sun tsallake ranin farko. Sannan mai gida ya nemi a kai shi ya ga wani aikin da mai tsarawar ya yi shekara biyu da suka wuce, kuma ya je ganin ne a watan Afrilu.