Samaru, garin ƴan makaranta mai son baƙi

Kowace shekara, in an gama girbi an ɗaure damman hatsi, samarin Birnin Lalle da na sauran garuruwan ƙasar Dakoro sukan kama hanyar kudu cin rani. Wasu su tsaya Maraɗi. Wasu su ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, su bi ta Katsina da Funtuwa, su nufi Zariya ko Kaduna. Tun bayan rufe iyaka da aka yi a 2023, ga kuma ƴan bindiga da ke tare hanya a yankin Katsina, tafiyar ta ƙara wuya. Direba mai hankali ba ya tafiyar dare. Don haka matafiyi yana bukatar inda zai yada zango cikin kwanciyar hankali.

Kafin mota ta shiga Zariya, takan ratsa Shika, sannan Samaru. Da yawa sukan wuce ba su sauka ba. Alhali ga manomi ko makiyayi, wannan gari ya isa a kwana a cikinsa.

Babbar hanya ce ta raba Samaru biyu. A hannu guda ga gari da kasuwa. A ɗaya hannun ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, aka ba ta sunan Sardaunan Sakkwato. Jami'a ita ce makarantar da ta fi kowace lakwal zurfin karatu. Daga nan likitoci, da alƙalai, da malaman gona suke fitowa. Ɗalibai dubbai ke zuwa daga ko'ina cikin Najeriya, har da ƙasashen maƙwabta.

Shi ya sa mutanen Samaru suka saba da baƙo. Mai shayi, da mai tuwo, da tela, duk da baƙi suke ci. A 2022, da malaman jami'a suka yi yajin aiki na wata 8, ɗalibai suka watse, kasuwa ta yi sanyi. Wanda ya ɗanɗana wannan ba ya wulakanta baƙo. Mutum ya tambayi hanya, sai yaro ya ajiye littafinsa ya raka shi. Bagobiri kuwa, in Bayarabe ya hango zanen fuskarsa, ba shi da zaman lafiya: wasan taubasantaka ya tashi ke nan, a yi ta ba'a, a ƙarshe a sha ruwa tare. Mutumin Birnin Lalle, tsohon mazaunin sarakunan Gobir, yana da abin mayar da martani.

Sai dai baki yana ɗan bambanta. Hatsi, can gero ake ce masa. Gujiya, gyaɗa. Ƙuduji mai kashe gona, wuta-wuta. Wanda bai sani ba, sai ya nemi abu a miƙo masa wani.

Babban abin da ya shafi manomi shi ne gidan binciken gona. Tun 1922 ake gwajin iri a Samaru, wato shekara 40 kafin jami'a. Nan ake fitar da sabon irin dawa, da masara, da wake, da gyaɗa, da auduga. Sunan kowane iri yakan fara da SAM, don a san daga Samaru ya fito. A Shika kuma akwai gidan binciken bisashe, inda ake aiki kan shanu, da tumaki, da awaki, da ciyawar kiwo. Nan aka fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Cikin jami'a akwai asibitin dabbobi. Malaman gona da yawa Hausa suke yi, kuma manomin da ya yi sallama ya kawo tambaya yakan samu mai saurarensa.

Amma akwai abin lura, kuma ba ƙarami ba ne. Ruwan damana a ƙasar Zariya yakan kai milimita 1000 a shekara. A Dakoro da ƙyar yake wuce 400, wata shekara ma bai kai haka ba. Dawar da ta yi kai kamar tulu a Samaru, ta saba da damana mai tsawo. In aka shuka ta a jigawar Birnin Lalle, ruwa ya ɗauke tana tsakiyar girma, kara kaɗai za a samu. Kuɗin cin rani sun tafi, rumbu kuma wayam. Saboda haka, kafin mutum ya sayi ko tiya guda, ya tambaya: kwana nawa irin nan yake yi kafin ya nuna? Kuma ya faɗi gaskiyar ƙasarsa, cewa rairayi ce mai ƙarancin ruwa.

Abin da ba ya lalacewa a hanya shi ne dabara: yadda ake adana wake a buhu mai ruɓi uku ba tare da magani ba, yadda ake ajiye harawa a inuwa don bazara, da lokacin yi wa bisashe lamba. Irin hatsi kuwa, na Tarna kusa da Maraɗi ya fi dacewa. Ma'aikatar binciken gona ta Nijar, INRAN, tana da hatsi mai saurin nuna da ake kira HKP. Tun 2010 kuma Maraɗi tana da jami'arta, mai sashen koyon noma. Mai komawa gida daga Samaru, ta nan motarsa za ta bi kafin ta kama hanyar Dakoro.