Saifa da maƙwabciyarta a cikin cikinmu

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar akuya ya ga saifa. Wata tsoka ce mai laushi, ja mai duhu, manne da tumbi. Tamu ma haka take, a gefen hagu na ciki, can sama a ƙarƙashin haƙarƙari. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, nauyinta a jikin babba wajen giram 150. Idan tana lafiya, ko an taɓa ciki ba a jin ta, don haƙarƙari ya rufe ta.

Aikinta tace jini ne, kamar yadda uwargida take tankaɗe gari. Jajayen ƙwayoyin jini sukan yi kwana 120 suna aiki, sa'an nan su tsufa. Saifa ce take tsince tsofaffin da waɗanda suka lalace, ta farfasa su, jiki ya sake amfani da sinadarin ƙarfen da ke cikinsu wajen yin sabon jini. Tana kuma cike da fararen ƙwayoyin jini masu kama ƙwayoyin cuta, musamman masu kawo ciwon huhu da sanƙarau.

Me ya sa yara da yawa a ƙauyukanmu suke da kumburin saifa? Babban dalili shi ne zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini, saifa kuwa dole ta tsince su duka. Idan zazzaɓi ya yi ta komowa damina bayan damina, aiki ya yi mata yawa, sai ta kumbura har ta leƙo ƙasan haƙarƙari. Akwai kuma irin tsargiyar da take kama hanji da hanta, wadda ake ɗauka wurin wanka a rafi ko tafki, ita ma tana kumbura saifa.

A nan ne muke roƙon iyaye. Mun san an saba kai irin wannan yaro wurin wanzami a yi masa tsaga, ko ƙaho, ko sakiya. Saifa tana can ciki, aska ba ta kai gare ta. Abin da tsaga take yi shi ne ta zubar da jinin yaron da dama jini bai ishe shi ba, ta kuma buɗe wa sarƙe-haƙora da wasu cututtuka ƙofa. Maganin kumburin shi ne a yi gwaji a asibiti, a sha maganin abin da ya kawo shi har ƙarshe, yaro ya riƙa kwana cikin gidan sauro. Kafin ta sauka, kada a matse cikin, kada yaron ya yi kokawa ko hawan itace. Kumburarriyar saifa tana fashewa da ɗan bugu kaɗan, jini ya yi ta zuba a ciki ba a gani. Wanda ya faɗi daga babur, ya ji ciwo a gefen hagu har zuwa kafaɗa, da jiri da gumi mai sanyi, a kai shi babban asibiti nan take.

Iyayen masu sikila su ƙara kasa kunne. Ƙwayoyin jinin mai sikila kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, kuma suna lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini na saifa. Wani lokaci jini yakan taru a cikinta farat ɗaya. Cikin yaro ya ɗaga ta hagu, tafin hannu da cikin ido su yi fari, jiki ya mutu, numfashi ya yi sauri. Wannan ba ya jiran wayewar gari. Cikin 'yan sa'o'i ana iya rasa yaron idan ba a ƙara masa jini ba. Ku roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna muku yadda ake taɓa cikin a hankali, don ku san girman saifar ɗanku na kullum. A yawancin waɗannan yara saifa tana daina aiki tun suna ƙanana, shi ya sa likita yake ba su fenisilin kowace rana har su kai shekara 5, tare da allurar rigakafi. Zazzaɓi kowane iri a jikinsu, asibiti ne.

Dab da saifa, a bayan tumbi, akwai wata doguwar tsoka mai kitse-kitse da likitoci suke kira fankiriyas. Tsawonta wajen santimita 15, wutsiyarta tana taɓa saifa, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ita tana zuba wani ruwa cikin ƙaramin hanji wanda yake narkar da tuwo da nama da mai. Yawan shan giya da burkutu yana sa ta kumbura, da ciwo mai tsanani a saman ciki wanda yake ratsawa zuwa baya. Tsakuwar matsarmama ma takan jawo haka.

Aikinta na biyu shi ne yin insulin, sinadarin da yake buɗe wa sukari hanya daga jini zuwa tsokoki. Idan bai isa ba, ko jiki ya daina jin sa, sukari ya taru a jini. Mutum ya yi ta ƙishirwa da yawan fitsari, yana ci yana ramewa, gyambo ya ƙi warkewa. Wannan shi ne ciwon sukari, kuma ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gane shi.

Ana iya cire saifa mutum ya rayu, sai dai ya kiyaye zazzaɓi sosai. Insulin kuwa ba a rayuwa sai da shi. Kafin a gano shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, yaron da jikinsa ya daina yin insulin ba ya daɗewa. Wanda aka sa wa allurar, kada ya bari don ya ji sauƙi ko don an ba shi sassaƙe. Zafi yana ɓata ta, saboda haka inda babu firji, a sa kwalbar cikin leda a ɗaure, a ajiye ta cikin ƙaramar tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.