Matasanmu da Bidiyon Waya: Abin da Iyaye Ya Kamata Su Sani

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. A yau, a garuruwan Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukansu, yaro ɗan shekara 14 yana iya ganin fuskar wani da ke Legas ko Ingila ta waya. Iyaye da yawa ba su san yadda abin yake ba. Bari mu duba tare.

Me suke yi da ita?

Abu biyu ne. Na ɗaya, kallon bidiyo a YouTube da TikTok da Facebook: waƙoƙi, ƙwallo, barkwanci, har da darussan JAMB da koyon ɗinki ko gyaran waya. Na biyu, kiran bidiyo, wato hira ido da ido, wanda WhatsApp ya fara a 2016. Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ɗalibai sun ƙaru a yankin, ƙanana kuma suna koyi da su.

Amfaninta a bayyane yake. Uwa tana ganin ɗanta da ya tafi cirani. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi, kowa ya ji zafin rashinta.

Ina haɗarin yake?

Bidiyo yana cin data fiye da rubutu nesa ba kusa ba, kuɗin gida kuwa yana tafiya. Wanda kake hira da shi yana iya naɗar hotonka ba da saninka ba. Mayaudara sukan yi shigar budurwa ko saurayi, su sa yaro ya tuɓe, sannan su ce ko ya biya ko su watsa. A 2024 kamfanin Meta ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Nijeriya kan irin wannan zamba. Haka kuma, bidiyon da ya nuna gida da shanu da hanyar gona yana iya isa ga 'yan bindiga.

Me za mu yi?

1. TikTok bai yarda da wanda bai kai shekara 13 ba. Mu kiyaye wannan.
2. A yi kiran bidiyo a tsakar gida, ba a ɗaki a ɓoye ba.
3. Kada a amsa kiran baƙo.
4. Idan an yi wa yaro barazana, kada a biya, kada a doke shi. A adana saƙonnin, a kai wa 'yan sanda. Yaron da ke tsoron duka ba zai faɗa ba.

Don tattaunawa a zumuntar mata da ta matasa: Wa ke saya wa yaranmu data? Idan suka shiga matsala, wa za su fara gaya wa?