Eric Siggia: Daga Hargitsin Ruwa Zuwa Ƙamusun Ƙwayoyin Gado

Gabatarwa

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin gabatar wa 'yan'uwana ɗaliban harshe wani masanin Fiziks ɗan ƙasar Amurka mai suna Eric Siggia. Na zaɓe shi ne domin wani aikinsa ya taɓo matsalar da kullum muke fama da ita a darasin ƙa'idojin rubutu, wato raba kalmomi.

Hargitsin Ruwa

Siggia ya yi karatu a Jami'ar Harvard, sannan ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Cornell. A can ya duƙufa kan nazarin hargitsin ruwa da iska. Idan aka buɗe famfo kaɗan, ruwa kan zubo sumul. Da an ƙara buɗe shi sai ya rikice, ya riƙa murɗewa. Babu mai iya faɗin inda kowane ɗigo zai nufa. Saboda haka masana suka koma ga lissafin ƙididdiga, suna neman abin da yake yawan maimaituwa a cikin ruɗanin. A 1973, shi da Paul Martin da Harvey Rose sun fito da wata hanyar lissafi ta irin wannan nazari, wadda ake kira da sunayensu.

Ƙamusun Ƙwayoyin Gado

Daga baya ya koma Jami'ar Rockefeller da ke birnin Niyok, ya karkata ga nazarin halittu. Bayanin gadon kowace halitta yana cikin DNA, kuma da haruffa huɗu ake rubuta shi: A, C, G, T. Rubutun a haɗe yake, babu tazara babu aya. Mu ɗauki misali daga Hausa:

yarinyatatafikasuwa

Shin "yarinya ta tafi kasuwa" ake nufi, ko kuwa "yarinyata, tafi kasuwa"? Mu da muka san harshen ma sai mun tsaya tunani, balle wanda ba shi da ƙamus.

A shekarar 2000, Siggia da Harmen Bussemaker da Hao Li sun tsara wa kwamfuta dabarar gina ƙamus da kanta. Takan fara da ɗaiɗaikun haruffa. Duk waɗanda ta ga suna yawan zuwa tare fiye da yadda dace zai kawo, sai ta ɗauke su a matsayin kalma, ta ci gaba da haka. Sun jarraba ta da wani ɓangare na littafin Moby Dick na Herman Melville bayan sun cire tazarar kalmomi, ta kuwa zaƙulo kalmomin Ingilishi masu yawa. Daga nan suka juya ta kan DNA na yisti, domin gano 'yan guntayen da suke kunna ƙwayoyin gado ko kashe su.

Kammalawa

A ganina, wannan dabara za ta yi amfani wajen tantance iyakar kalma a tarin rubuce-rubucen Hausa, musamman na ajami, inda marubuta ba su bi tsari ɗaya ba. Ina kira ga masu neman batun kundin digiri da su duba wannan fanni.