Jiminar Maine-Soroa Ba Ta Tukunya Ba Ce

Makon jiya a tashar Diffa wani ɗan kasuwa da muka daɗe tare ya tare ni da wata shawara. Likita ya ce ya rage jan nama saboda hawan jini, shi kuma ya ji cewa a Turai da Amurka masu irin lalurarsa naman jimina suke ci, ko na ƴar'uwarta emu ta Ostireliya. Ya ce, "Malam, ga jiminu can killace a Maine-Soroa, me zai hana mu samo ƴaƴansu mu yi kiwon yanka?" Ba daga bakinsa na fara jin wannan ba, kuma yawan jinta ne ya tayar mini da hankali. Hanya ce da za ta ƙarasa tsuntsuwar, ba kuma za ta sauke jinin kowa ba.

Ban ƙi gaskiyar masu wannan shawara ba. Naman jimina da na emu ja ne kamar na sa, kitsensa bai cika wuce giram 3 cikin 100 ba, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. A Oudtshoorn ta Afirka ta Kudu sana'a ce babba. Iyakar abin da zan ba su ke nan.

Jiminar Maine-Soroa irin mai jan wuya ce, wadda a da take yawo daga Manga har Ayar. A 1990 akwai kusan 1,600 a gandun Ayar da Tenere. Rikicin shekarun da suka biyo baya ya share su, ta ƙarshe a dajin Nijar ta mutu a 2004. Ƴan ƙalilan da suka rage a garkunan Kelle, Iferwan da Maine-Soroa iri ne, daga cikinsu ake fatan mayar da ita daji, kamar yadda aka fara kai ƴaƴa gandun Gadabeji. Ƙwai yana kwana 42 kafin ya ƙyanƙyashe, da yawa ba sa yi, ƴaƴan kuma saurin mutuwa gare su. Dama can masu neman man jimina don ciwon gaɓoɓi da masu neman gashinta ba su bar ta ta huta ba. A ƙara musu mahauta?

Abin da ya fi damuna shi ne an ɗora wa nama laifin da ba nasa ba ne shi kaɗai. Gida nawa ne a Shetimari ko Geskeru ake cin nama kullum? Tun dokar ta-ɓaci ta 2015, da aka hana cinikin kifi da tattasai na wani lokaci, aljihun mutanen bakin Kumadugu ya rame. Da kifin banda ya yi wuya, nama ya yi tsada, sai uwargida ta nemi ɗanɗano a wani wuri: dunƙule uku ko huɗu a miya ɗaya, ga gishiri, ga kanwa, ga mai yana iyo a kan shinkafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, alhali dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Sai shayi, zagaye uku da safe, uku da yamma, kowane da sukari kamar zuma. Mutumin da a da yake bin dabbobi a ƙafa ko yake ban ruwa a gonar tattasai, yau yana zaune a rumfa a cikin gari tun da aka raba shi da ƙauyensa, ga fargaba a zuciya. Nan hawan jini da ciwon suga suke samun gindin zama. A zuba tsokar jimina a wannan tukunyar, miyar ba ta canza ba.

Ta fuskar riba ma tarihi bai goyi bayan abokina ba. A Amurka, cikin shekarun 1990, an sayi emu namiji da mace a kan dubban daloli, sai aka rasa masu cin naman, har manoman Texas suka riƙa sakin su a daji. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, a 2012, kamfanonin kiwon emu suka rushe da kuɗin dubban mutane, tsuntsayen suna mutuwa da yunwa a keji. Duk wuraren biyu masu kiwo ne suke sayar wa masu shirin kiwo.

Jan nama marar kitse kuwa muna da shi tun kaka da kakanni. Raƙumi yana tara yawancin kitsensa a tozo, tsokarsa ta zauna fes, kuma kasuwar Ngigmi cike take da raƙuman Tubawa da Larabawa. Na ce masa, "Alhaji, ka sa a yanko maka tsokar cinya ban da tozo, a dafa ta da tafarnuwa da daddawa, Hajiya ta rage dunƙule zuwa ɗaya." Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko shayin ma sai ya bari.